Yadda Wayar Hannu Ta Kai Kukan Bagega Abuja

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa shi ne kayen da na sha a zangon karatun da ya wuce. Waɗanda suka halarci muhawarar da aka yi a babban ɗakin taro za su tuna, batun shi ne wai wayar hannu ɓata matasa take yi, ba ta gyara su, ni kuma aka sa ni cikin masu musun wannan magana. Abokan karawarmu suka zo da hujjoji buhu-buhu, ga satar amsa a jarrabawa, ga hira har tsakar dare, ga zage-zage, ga 'yan damfara. Ni da na miƙe, ban da "ai ana karatu da ita" ba abin da ya zo bakina. Alƙalai suka ba su nasara. Ko ni ne alƙalin, su zan ba.

Da aka watse, malaminmu na kemistiri ya kira ni gefe, ya ce, "Kai ba ɗan Zamfara ba ne? Ka taɓa jin labarin Bagega?" Na ce, "Na dai san sunan garin, Malam." Ya ce, "To, in ka je hutu ka bincika, ka dawo ka gaya mini abin da ya kamata ka faɗa yau." Na je gida, na yi tambaya wurin manya, na kuma karanta abin da na iya samu a wayar yayana. Ga abin da na samo, ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu su daure su karanta.

Bagega wani gari ne a Ƙaramar Hukumar Anka ta Jihar Zamfara. Mutanen wannan yanki manoma ne tun kaka da kakanni, amma Allah ya ajiye musu zinariya a ƙarƙashin ƙasarsu. Wajen shekarar 2009 farashin zinariya ya yi tashin gwauron zabo a kasuwannin duniya, sai mutane da yawa suka dukufa ga haƙa, domin abin da mutum zai samu a dutse ya fi abin da gona ke ba shi nesa ba kusa ba. Akan haƙo duwatsun a daji, a ɗuro su cikin buhuna, a kawo su cikin gari, har cikin gidaje. A nan ake farfasa su, a niƙa su da irin injin da ake niƙa hatsi, waɗansu ma a turmi suke dakawa, sa'an nan a wanke garin, a shanya a tsakar gida.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, duwatsun nan cike suke da dalma. Ita kuwa dalma, kamar yadda muka karanta a aji, guba ce wadda ba ta da wari, ba ta da ɗaci, ba ta kuma ruɓewa a ƙasa. Ƙurar niƙan nan ta sauka a kan tabarmi da kwanoni da daɓen ɗaki. To, wa ya fi kowa kusa da ƙasa a cikin gida? Yaro mai rarrafe, wanda duk abin da hannunsa ya taɓa sai ya kai baki. Jikin ƙaramin yaro kuma ya fi na babba saurin tsotse dalma, in ta shiga jini sai ta nufi ƙwaƙwalwa da ƙoda. An ce tun kafin a farga da yara, agwagin ƙauyukan ne suka fara mutuwa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Daga nan yara suka shiga amai da ciwon ciki da jijjiga da suma. Waɗansu iyaye suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, waɗansu suka ce sanƙarau, waɗansu kuwa suka ɗora wa iska.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta duniya da ake kira MSF suka lura da yawan mace-macen ƙananan yara a yankin. Aka ɗebi jini aka auna, sai ga dalma fiye da ƙima. Da masana daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka bi gida gida a ƙauyuka biyu, watau Dareta da 'Yargalma, sun tarar cikin shekara guda yaro ɗaya daga kowane huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu. Jimillar yaran da wannan guba ta kashe a Zamfara ba su kasa 400 ba.

A nan na ajiye wayar na yi shiru. A shekarar nan ni ma jariri ne a goye. Watau yaran nan tsararrakinmu ne. Da sun rayu, da yanzu waɗansunsu suna aji biyar tare da mu, muna bin layin abinci ɗaya, muna rigima a kan bokitin wanka. Yara 400 sun kusa cika ajujuwa goma na makarantar nan. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Akwai maganin wannan guba, ƙwayoyi ne da yaro zai yi ta sha, su kama dalmar da ke cikin jini su fitar da ita ta fitsari. Amma likitoci suka ce ba shi da amfani a ba yaro magani a mayar da shi gidan da ƙasarsa ke cike da guba, kamar mai ɗiban ruwa ne da kwando. Tilas sai an fara share garin. Sharar kuwa ba ta tsintsiya ba ce. Sai an kankare saman ƙasar kowane gida da kowane lungu, a kwashe a kai wani babban rami a binne, sa'an nan a kawo sabuwar ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. An yi wa ƙauyuka bakwai haka tsakanin 2010 da 2011, da taimakon ƙungiyoyin waje da wani kamfanin injiniyoyi na Amurka mai suna TerraGraphics. Bagega kuwa, da yake ta fi su girma, aikinta ya fi cin kuɗi, sai aka bar ta. Yara wajen 1,500 suna can suna jira, likitoci suna da magani a hannu, ba halin su ba su.

Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850 domin wannan aiki. A watan Mayu na 2012 aka yi babban taro a Abuja a kan maganar, aka watse. Damina ta zo ta wuce, kaka ta yi, sanyi ya shigo, kuɗi ba su fito ba. Ga shi kuma aikin kankare ƙasa ba ya yiwuwa cikin ruwan sama, saboda haka likitoci suka yi gargaɗi cewa in ba a soma da rani ba, to, sai kuma wata shekara. Kowa ya san abin da shekara guda take nufi ga yaron da ke cin guba kullum.

To, a nan ne matasa da wayoyinsu suka shigo labarin. Wani saurayi mai suna Hamzat Lawal, wanda lokacin shekarunsa ba su wuce 25 ba, shi da abokinsa Oludotun Babayemi, suka kafa wata tafiya da suka sa wa suna Follow The Money, watau a bi sawun kuɗi. Ba 'yan Zamfara ba ne, ba su kuma riƙe da wani muƙami. Abin da suka fara yi, wanda ni a ganina shi ne ginshiƙin aikin duka, shi ne tattaki. Suka baro Abuja suka bi hanyar nan mai wahala har Bagega, suka zauna da mutanen gari, suka ji daga bakinsu, suka ɗauki hotuna. Gani ya kori ji. Sa'an nan suka koma suka baza abin da suka gani a intanet ƙarƙashin take guda, #SaveBagega, ma'anarsa a ceci Bagega.

Bari in yi wa iyayenmu bayanin wannan alama mai kama da tsani da ake sawa gaban kalma. Amfaninta shi ne tara magana wuri ɗaya. In mutum dubu suka yi rubutu, kowa daga garinsu, muddin sun sa take iri ɗaya, to, wanda ya taɓa taken zai ga maganganun nan duka a jere. In maganar ta yi yawa kuma sai ta hau sama inda kowa zai gan ta, har 'yan jarida da masu mulki. Kamar dai a ce kowane mai kuka a ƙasar nan ya zo ƙofar fada ɗaya a rana ɗaya, alhali ba wanda ya biya kuɗin mota.

Sun kuma yi wata dabara. Shugaban ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, mutum ne da aka sani da son Facebook, har ma a can ya fara shelar tsayawarsa takara a 2010. Saboda haka a watan Disamba na 2012 matasan nan, tare da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch, suka roƙi jama'a kowa ya shiga shafin shugaban ya yi masa tambaya guda: ina kuɗin da aka yi wa yaran Zamfara alkawari? Ba zagi, ba cin mutunci, tambaya ce kawai da ake ta maimaitawa. A watan Janairu na 2013 maganar ta cika Twitter. Sanata Bukola Saraki, wanda a lokacin yake shugabantar kwamitin muhalli na Majalisar Dattawa, ya je Bagega da ƙafarsa. Kafin watan ya ƙare aka ba da sanarwar shugaban ƙasa ya amince a saki kuɗin. Aka shiga aikin kankare ƙasa cikin ranin nan, kuma tun daga watan Afrilu likitocin MSF suka fara ba yaran unguwannin da aka gama sharewa magani.

Wani zai ce shi ke nan, an ci nasara, sai a koma gida. Su ba su koma ba, kuma wannan ne wuri na biyu da suka burge ni. Sakin kuɗi daban, isarsu inda aka nufa daban, kowa ya san halin ƙasarmu. An raba kuɗin ne tsakanin ma'aikatu uku, ta muhalli da ta lafiya da ta ma'adinai, sai matasan suka ci gaba da bibiyar kowace, suna rubuta wasiƙu, suna komawa garin su duba abin da aka yi, suna sanar da jama'a. Akwai wata doka da aka sa wa hannu a 2011, Dokar 'Yancin Samun Bayani, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa ikon ya rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi a nuna masa yadda aka kashe kuɗin jama'a. Na tambayi mutum shida a ɗakin kwananmu, ba wanda ya taɓa jin sunanta. Ni ma sai a hutun nan na ji.

Kada in cika baki. Waya ba ta warkar da yaro ko ɗaya a Bagega ba. Likitoci ne suka ba da magani, lebura da shebur da baro ne suka kwashe ƙasa, kuma MSF ta shekara fiye da goma sha ɗaya tana wannan aiki kafin ta miƙa shi ga hukumomin jihar a farkon 2022. Waɗanda gubar ta riga ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, da yawansu haka za su ƙare rayuwarsu. Ba na kuma jin uwayen Bagega sun san abin da ake kira Twitter a wancan lokaci. Abin da waya ta yi shi ne ta gajarta hanya tsakanin ƙauye da ofis. Kakana ya ba ni labari, a zamaninsu in gari yana da koke sai a je wurin mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, a biya shi, a manna kan sarki, a aika, a yi ta jira wata da watanni, galibi ma takardar a aljihun tebur take kwana. Kafin wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, layukan tarho na ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba, su ma a birane suke. Yau takardar koke in ta hau intanet ba ta da aljihun teburin da za a kulle ta, domin dubban idanu sun riga sun gani. Jin kunyar idon jama'a shi ne ya motsa abin da ya yi wata takwas a kwance.

Akwai wani misali, ko da yake ba zan daɗe a kansa ba. Da can tsarin mulki ya ce sai mai shekara 30 zai tsaya takarar Majalisar Wakilai ko majalisar jiha, shugaban ƙasa kuwa sai mai 40. Matasa suka tashi da wani take, #NotTooYoungToRun, watau ba mu yi ƙanƙanta da takara ba. Gyaran tsarin mulki sai da amincewar Majalisar Tarayya da majalisun jihohi 24 daga cikin 36, saboda haka suka yi ta aika wa wakilansu saƙo, suna bayyana wanda ya goyi baya da wanda ya ƙi, suka kuma yi tattaki zuwa majalisa a Abuja. Ranar 31 ga Mayu, 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu, aka mayar da 30 ta koma 25, 40 kuma ta koma 35. Ni ke nan saura mini shekara tara, in Allah ya kai mu. Sai dai dokar ba ta rage kuɗin fom ba.

Yanzu bari in ba abokan karawata haƙƙinsu, har in ƙara musu hujjar da suka manta. A 2014 cutar Ebola ta shigo Legas. Wani dare cikin watan Agusta saƙo ya bazu a wayoyi, wai kowa ya yi wanka da ruwan gishiri ya kuma sha, shi ne rigakafi. Kafin gari ya waye saƙon ya gama ƙasa. Mahaifiyata ta ce ni ma an tashe ni da asuba ina kuka aka yi mini wankan gishirin nan. Mu dariya muke yi yanzu, amma aƙalla mutum biyu sun mutu saboda shan gishiri, waɗansu kuma sai da aka kwantar da su a asibiti. Wayar da ta kai kukan Bagega Abuja ita ce dai ta kai wannan ƙarya kowane gida, da sauri iri ɗaya. Da na auna labaran biyu, bambancin da na gani shi ne, masu maganar Bagega sun je sun gani kafin su yi magana, sun kuma sa sunayensu a kai. Mai saƙon gishiri kuwa ba inda ya je, waɗanda suka tura wa 'yan'uwansu ma ba wanda ya tsaya ya tambayi ko malamin asibitin unguwarsu.

Wani abin kuma, makamin nan ba duka yake hannunmu ba. A watan Yuni na 2021 gwamnati ta dakatar da Twitter, wanda yanzu ake kira X, ba a buɗe shi ba sai Janairu na 2022. A watan Satumba na 2021 kuma aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga. Wannan na gani da idona. Makonni muka yi waya ta zama abin haska ɗaki, mai son ya gaisa da ɗansa ko ya karɓi kuɗi sai ya hau mota ya tafi wata jiha. Da a lokacin ne wani gari ya shiga irin halin Bagega, sai dai a koma wa wasiƙa da ƙafa.

Da na gama karance-karancen nan sai na ji ba na iya zama haka kawai. A unguwarmu akwai wani gini na ajujuwa biyu a makarantar firamaren da na yi, an kai shi har linta aka watsar, damina biyu ke nan, ga allon kwangila a kafe a gabansa, yara kuwa suna karatu a gindin darbejiya. Na ce wa yayana mu ɗauki hoto mu watsa. Ya ce, "Kai, yaro, ba haka ake yi ba. Ka manta su wancan sai da suka fara zama da mutanen gari?" Muka je wurin mai unguwa muka durƙusa muka gaishe shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, mun zo neman izini ne a kan ginin makarantar nan." Ya dube mu ya yi murmushi, ya ce, "'Ya'yana, na yi magana har na gaji. Ku yi, amma ban da zagin kowa, kuma abin da ba ku gani da idonku ba kada ku rubuta."

Muka kwafe duk abin da ke jikin allon, muka ƙirga yaran da ke zaune a ƙasa tare da hedimasta, muka ɗauki hoton ginin ba tare da fuskar yaro ko ɗaya ba. Muka rubuta wa kansila wasiƙa, iyaye 31 suka sa hannu, waɗansu da dangwale. Sa'an nan yayana ya sa hotunan da wasiƙar a zauren WhatsApp na matasan unguwa, daga nan aka tura wa wani mai shirin safe a gidan rediyo, ya karanta. Ba zan yi muku ƙarya ba, har na dawo makaranta ba a ɗora ko kwano ɗaya ba. Abin da ya faru kawai shi ne, ana sauran kwana uku in taho, wata tifa ta zo ta juye yashi a gaban ginin. Ko mafarin aiki ne, ko kuwa toshiyar baki ce, sai na koma zan gani.

Kada hukumar makaranta ta zaci ina neman a bar mu mu shigo da waya ɗakin kwana. Na san halinmu, da an yarda da haka da ba mai barci, ba kuma mai bitar dare. Roƙona ƙarami ne. Ɗakin kwamfutar nan da ke kulle ran Asabar, a buɗe mana shi ko na awa ɗaya, malami yana tsaye, a koya mana yadda ake gane labarin ƙarya, da yadda ake duba kasafin kuɗin jiha, da yadda ake rubuta wa ma'aikata wasiƙar neman bayani. Na riga na kai wa malaminmu na kemistiri amsarsa, ya ce in an yarda shi zai riƙa tsayawa.

Mahaifina yana cikin masu cewa waya ta lalata yaran zamani, kuma har yanzu bai janye ba. Amma ranar ziyara da ya zo, bayan mun gaisa, shi ya fara gaya mini yashin nan yana nan yadda aka juye shi, awaki ma sun fara kwana a kai. Ya ce in na dawo hutu zai ara mini wayarsa in sake ɗaukar hoton ginin, da sharaɗin in mayar masa da ita kafin sallar isha'i.